Hoton da ya zaga unguwa uku: nazarin lamarin wata ɗaliba a Damagaram

Wata Litinin cikin hunturu na shiga aji na tarar da gurbi ɗaya a benci na biyu, layin taga, babu mai shi. Karo na huɗu ke nan a jere. Na tambayi wadda suke zama tare ko lafiya, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Can baya na hango samari biyu sun haɗa ido, ɗaya ya kare bakinsa da littafi. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a kwaleji a nan Damagaram. Na san yadda aji yake yin shiru in ɗalibi yana kwance ba lafiya, na san yadda yake yi in an yi rasuwa. Shirun ranar daban ne. Kowa a ajin ya ji wani labari, ni kaɗai ce bai iso wa ba.

Na rubuta wannan da yardar yarinyar da ta gwaggonta, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ba, ko na makarantarmu, ko na unguwarsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun daga lokacin duk taron iyaye da na zauna a cikinsa da magana ɗaya yake ƙarewa: hukuma ta rufe su WhatsApp da TikTok da Facebook mu huta. Ina so masu faɗin haka, waɗanda da yawansu mutane ne da nake ganin girmansu, su bi sawun lamarin nan tare da ni daga farko, su ga ta ina ɓarnar ta shigo, ta ina ta bi, da kuma kan wa rufewar ta faɗa.

Gidan da wayar

Shekararta 14, tana aji na uku a kwaleji, wanda muke cewa katiriyam, saura aji ɗaya ta zauna jarrabawar kammala kwaleji, wato BEPC. Ba ta cikin na gaba-gaba, amma ba ta taɓa maimaita aji ba. Mahaifinta hatsi yake sayarwa, yana cin kasuwannin ƙauye, yau Mirya gobe Matamai. Mahaifiyarta alkaki da nakiya take yi na biki, kuma galibin cinikinta ta WhatsApp yake zuwa, mata suna turo murya: kwano kaza, ranar kaza.

Salula mai shafawa ɗaya ce a gidan, ta uwar. Sai dai uwar ba ta yi boko ba. Yarinyar ce take adana lambobin masu saye, ita take sayen forfe, wato datar shiga intanet, ita take karanta saƙon da ya zo a rubuce, hatta lambar sirrin buɗe wayar ita ta sa. Na daɗe a kan wannan gaɓa saboda gidajen ɗalibaina da yawa haka suke. Shawarar da ake yawan bayarwa, cewa iyaye su sa wa wayar yaro takunkumi, an tsara ta ne domin gidan da uba ko uwa suka fi yaro sanin waya, kuma yaron yana da tasa daban. Manhajar Family Link ta Google, alal misali, tana ba uba damar ƙayyade awoyin da yaro zai yi a waya da manhajojin da zai iya saukewa, kuma a irin wancan gidan tana aiki. A namu gidajen yaro ne yake riƙe da makullin, uwa ce take miƙo masa waya ta ce duba mini me aka ce.

Ƴan ajin sun buɗe guruf na WhatsApp suna tura aikin gida da hoton allo ga wanda bai zo ba. Abu ne mai amfani, domin littattafai ba sa isar kowa. Ɗalibai 68 ne a ajin. Ranar da na karɓi wayar shugaban aji na duba, mutum 141 na tarar a ciki. An yi ta miƙa mahaɗin shiga daga hannu zuwa hannu, ƙani ya ba wa, wa ya ba aboki, babu malami ko ɗaya a ciki, babu mai tantance wanda ya shigo. Duk wanda ya shigo kuwa yana ganin lambobin sauran.

Yadda aka shigo mata

Saƙon farko a rubuce ya zo, daga lambar da ke ɗauke da hoton mace. Mai lambar ta ce ita yayar wata ɗaliba ce ta wani aji, tana karatu a Jami'ar André Salifou, ta ga tambayar lissafin da yarinyar ta yi a guruf babu wanda ya amsa. Ta warware mata lissafin, kuma daidai ne. Bayan kwana biyu ta turo mata kiredi na dala ɗari, ta ce ki sa forfe ki daina jiran na Inna. Mako uku ana haka. Ana gaisawa, ana hirar makaranta, wani lokaci dala ɗari, sau ɗaya jika guda. Yarinyar tana ce mata Anti.

Aka yi bikin wata ƴar uwarsu, yarinyar ta yi kitso. Anti ta ce turo in ga kitson. Ta shiga ɗaki, ta cire ɗankwali, ta ɗauki hoton kanta daga kafaɗa zuwa sama. Ta yi ma abin da take ganin shi ne taka-tsantsan, ta tura shi ta hanyar nan ta kallo sau ɗaya, wadda hoto yake ɓacewa da zarar an buɗe shi. Abin da ba ta yi tunani ba shi ne mutum yana iya riƙe waya ta biyu ya ɗauki hoton fuskar ta farko.

Washegari da dare murya ta shigo daga lambar Anti, muryar namiji. Ya ce ta zo ta same shi wani wuri bayan magariba, in ba haka ba gari zai ga hotonta. Ta toshe lambar. Ya kira da wata. Ta sake toshewa. Kwana 19 ta yi tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai, tana zuwa makaranta, tana taya uwarta tuyar alkaki. Ba ta je inda ya kira ta ba, ba ta kuma ƙara tura masa komai ba. Wannan ina so a riƙe shi, domin a duk surutun da aka yi daga baya ban ji wanda ya yaba mata a kansa ba.

Da na je gidan gwaggonta na same ta, na tambaye ta me ya hana ta faɗa wa wani tun ranar farko. Ta ce, "Madam, in na faɗa wa Inna za ta faɗa wa Baba. In Baba ya ji, cire ni zai yi daga lakwal." Ba tsoron banza ba ne. UNICEF ta daɗe tana sa Nijar a sahun farko a duniya wajen aurar da yara mata, kusan kashi 76 cikin ɗari kafin su cika shekara 18, kuma ɗalibaina ba sa bukatar alƙaluma kafin su san haka. Suna ganin gurbin da yake zama babu kowa bayan kowane dogon hutu. Mutumin ma ya san haka. Da wannan tsoron ya kama ta, hoton ƙugiya ce kawai.

Hanyar da hoton ya bi

Da ya ga ta ƙi, sai ya haɗa abu uku ya mayar da su ɗan gajeren bidiyo: hoton kitson, hoton saƙonnin tura kiredi, da muryarsa da Hausa yana cewa budurwarsa ce, kuɗin maza take ci, ga shaida. Ta intanet mutum biyu kawai ya tura wa. Sauran tafiyar duk a ƙasa aka yi ta.

Wanda ya san fada, wato majalisar hirar samari, a Damagaram ya san yadda ake yi. Ana zaune kan tabarma ana jiran shayi na biyu, wani ya ce kai, buɗe Xender in ba ka wani abu. Xender ba ta bukatar forfe, ba ta bukatar rezo. Wayoyin biyu suna haɗuwa kai tsaye ta Wi-Fi ɗin da ke jikinsu, cikin ƙiftawar ido abu ya wuce. Daga wannan fada ya tsallaka zuwa waccan, daga nan wani ya kai katin memori shagon mai turi a zuba masa finafinai da waƙoƙi, mai shagon ya kwashe abin da ke katin ya zuba a kwamfutarsa kamar yadda suka saba yi don ƙara kaya. Daga ranar, wanda ya biya dala ashirin aka cika masa kati yana iya tafiya da hoton ɗalibata a aljihu ba tare da ya nema ba. Da muka bi sawu, unguwa uku muka tarar ya shiga cikin mako guda.

Ƙanin mahaifinta ne ya gani a wayar wani ɗan kabu-kabu. A daren mahaifin ya dawo daga kasuwa. Ya doke ta, ya karɓi wayar, ya sa ƙaninsa ya goge komai da ke cikinta, ya ce lakwal ta ƙare, kuma kafin azumi zai ba da ita. Gwaggonta, yayar mahaifin, ita ta zo da asuba ta ɗauke ta ta kai ta gidanta. Ba na ɗaukar mahaifin nan mugu. Mutum ne da aka nuna masa hoton ƴarsa a bakin titi, ga ba shi da wanda zai kama sai wadda ke gabansa. Amma an bar jaki ana dukan taiki, kuma gogewar da ya sa aka yi ta tafi da saƙonnin mako uku, da muryar barazanar, da lambobin da aka kira ta da su. Allah ya taimaka yarinyar ta taɓa tura wa ƙawarta muryar farko tana tambayarta ko ta gane mai maganar. Wannan kaɗai ya rage mana.

Taron iyaye

Daraktanmu ya kira taron ƙungiyar iyayen yara ranar Asabar. Ba a ambaci sunan yarinyar ba, amma babu wanda bai san dalilin taron ba. Wani dattijo, tsohon ma'aikaci da jikokinsa uku suke makarantar, ya miƙe ya yi magana mai tsawo, muryarsa tana rawa. Ya ce ya ji a rediyo Ostareliya ta hana duk wanda bai kai shekara 16 ba shiga dandalin sada zumunta, to mu da muke musulmi me muke jira? A rubuta takarda zuwa ga gwamna, a nemi a rufe TikTok, a rufe Facebook, in ta kama a rufe WhatsApp ɗin ma da dare. Aka yi ta kabbara. Limamin da ke gefensa ya ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na nemi izini na yi magana. Na ce, "Baba, abin da ka ji gaskiya ne, kuma zafin da kake ji ni ma ina jin sa. Amma ka ba ni dama in tuna mana wani abu da dukanmu muka gani da idonmu."

Abin da na tuna musu shi ne 2021. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Fabrairu tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, ɗan garin nan. Bayan an faɗi sakamako rikici ya tashi, aka katse intanet na salula daga 24 ga Fabrairu har 5 ga Maris. Kwana goma babu WhatsApp, babu Facebook. Mun ɗanɗana rufewar da ake roƙo, cikakkiya. Me ya tsaya a kwanakin? Cinikin mata irin mahaifiyar yarinyar nan ya tsaya. Muryar ɗan da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ta daina isowa ga uwarsa. Ɗaliban jami'a sun rasa inda za su nemo darasi. Shagunan masu turi kuwa a buɗe suke, kuma duk wanda yake da ɗa saurayi ya san bidiyo bai daina yawo a fada ba ko na yini ɗaya. Da lamarin ɗalibata a cikin waɗannan kwanaki goma ya faɗo, bayan hoton ya riga ya shiga hannun mutumin, da unguwa ukun nan duk sai ya shige su.

Dokar Ostareliya kuwa, majalisarsu ta amince da ita a Nuwamba 2024, ta fara aiki a Disamba 2025. Nauyin a kan kamfanonin ta ɗora shi, su ne za a ci tara in suka bar yaro ya buɗe shafi, ba a kama yaro ko iyayensa. Kuma ba ta haɗa da WhatsApp ba. Ko da an kwafo ta an kawo nan kalma da kalma, lambar da ɗalibata take amfani da ita ta uwarta ce, mace mai shekara arba'in, an yi rajistar layin da katin shaidarta. Duk na'urar da za ta tambayi shekaru, babba za ta gani. Malamin lissafinmu, wanda yake gyaran waya da yamma, ya ƙara da cewa lokacin da Najeriya ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, samarin Kano da VPN, manhajar da ake kewaye toshewa da ita, suka ci gaba da shiga, kuma da Birtaniya ta fara tilasta tantance shekaru a shafukan batsa a Yuli 2025, sauke manhajojin VPN ya yi tashin gwauron zabo a kwanakin farko. Ya ce yaran ajinsa sun san VPN tun kafin su san iyayensu ba su san shi ba.

Akwai wani abu kuma da ban iya faɗa a taron ba saboda kunyar dattawa, amma shi ya fi tsaya mini a rai. A ce akwai matata mai ƙarfi da aka sa a kan duk intanet ɗin Nijar tana tace hotunan batsa. Me za ta gani a hoton nan? Fuskar yarinya da kitso. Babu tsiraici, babu abin da na'ura za ta ce haram. A wata ƙasa hoton katin makaranta ne. Dafin yana cikin muryar Hausar da aka ɗora a kai, da kuma abin da buɗaɗɗen kan budurwa a cikin ɗaki yake nufi a idon mutanen garin nan. Wannan sai ɗan gari ne zai gane shi. Saƙonnin WhatsApp ma tun 2016 a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kamfanin layi ba ya ganin abin da ke ciki balle ya tace.

Ba ina cewa kada a toshe komai ba ne. Shafin da yake yaɗa hotunan lalata da yara, a toshe shi yau, a kuma nemi masu shi. Shafukan caca da suke cinye kuɗin karin kumallon samarinmu, ban ga dalilin barinsu a buɗe ga ɗan shekara 15 ba. Irin wannan toshewa tana da abin da ta nufa, ana iya faɗin sunansa, alƙali yana iya dubawa ya ce an yi daidai ko an wuce gona da iri. Abin da nake tsoro shi ne babban makulli da za a miƙa wa hukuma da sunan yara, a ce ta rufe duk abin da ta ga dama. Mun ga yadda irin wannan makami yake tafiya. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci a kan hotunan batsa na yara da kuma yaɗa abin da yake zubar da mutuncin ɗan Adam, kuma wannan abin a yaba ne. Amma ɗaya daga cikin shari'un da suka sa jama'a suka san dokar ita ce ta ƴar jarida Samira Sabou, wadda aka kama a Yuni 2020 kan rubutun da ta yi a Facebook, ta yi makonni a gidan kaso a Yamai. A 2022 aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a Yuni 2024 aka maido da shi. Duk wannan kai da komowa a kan maganar manya aka yi shi. Dokar tana nan, ta isa ta kama wanda ya cuci ɗalibata. Abin da babu shi ne iyalin da zai yarda ya kai ƙara.

Abin da aka yi

Wani yaro a ajina ne ya gane muryar. Bayan an tashi ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, ya ce, "Madam, in na faɗa kada a ce ni na faɗa." Saurayi ne mai kimanin shekara 25, yana zama a wata fada kusa da makarantar, ƙaninsa yana wani aji a wurinmu. Ta wayar ƙanin ya sami mahaɗin guruf.

Ni da gwaggon muka so a kai maganar sashen ƴan sanda mai kula da yara ƙanana. Mahaifin ya ƙi. Ya ce mini, "Malama, na gode da ƙoƙarinki, amma a bar kaza cikin gashinta. In aka je gaban alƙali, wanda bai ji ba ma zai ji." Na ce masa, "Alhaji, wanda ya yi wa taka zai yi wa ta wani." Ya yi shiru, amma bai sauya ba. Aka kai maganar gaban mai unguwa. Aka kira saurayin da mahaifinsa da liman. Ya yi musu har aka kunna muryar, sannan ya amsa. A wayarsa ta biyu aka tarar da hirarsa da wasu ƴan mata huɗu, duk da sunan Anti, biyu daga cikinsu ƴan makarantarmu. Aka goge komai a gaban dattawa, ya rantse da Alƙur'ani, mahaifinsa ya tura shi wurin ƴan uwa a wani gari. Har yau ina ganin kuskure ne. An raba shi da unguwarmu, ba a raba shi da waya ba, kuma garin da ya je akwai kwaleji.

Abu ɗaya na roƙa a zaman, mai unguwa ya amince: saurayin ya sake yin murya da bakinsa, ya ce ƙarya ya yi, yarinyar ba ta san shi ba, da sunan mace ya yaudare ta. Samarin ajina suka ɗauki wannan muryar suka bi da ita fada-fada ta Xender ɗin nan dai, hanyar da ta farko ta bi. Malamin lissafi da wakilin mai unguwa suka zaga shagunan masu turi bakwai. Shida sun goge nan take, wasu ma ba su san abin yana cikin kwamfutarsu ba. Na bakwai sai da aka ambaci dokar 2019 da kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda.

Maganar komawarta makaranta ta fi komai wuya. Darakta ya je gidan sau biyu, ya tafi da kwafin dokar gwamnati ta Disamba 2017 wadda ta tanadi kare yarinya da tallafa mata har ta ci gaba da karatunta. Takardar ba ta motsa mahaifin ba. Gwaggon ce ta motsa shi. A gabana ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ce, "Kwana goma sha tara ƴarka ta yi ana yi mata barazana ba ta taka ƙofar gida ta je ba. Wace tarbiyya kake nema da ta wuce wannan? In ka aurar da ita yanzu, ka sa hannu a kan ƙaryar yaron nan ke nan, gari zai ce da ma gaskiya ne." Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce ta koma, amma daga gidan gwaggo za ta riƙa zuwa.

A makaranta mun rushe guruf ɗin, aka buɗe sabo. Malami ɗaya da uwa ɗaya suna ciki, an kashe mahaɗin shiga, shugaban aji ne yake sa mutum da hannunsa bayan ya duba sunansa a rajista. Mun ɗauki awa guda a kowane aji muka nuna wa yara inda ake saita waya ta yadda baƙuwar lamba ba za ta jefa mutum cikin guruf ba, da inda ake ɓoye hoton fuska ga wanda ba a adana lambarsa ba. Mun gaya musu hoton kallo sau ɗaya ana iya ɗaukarsa da wata waya. Mun gaya musu in aka yi musu barazana kada su goge, su adana, su nuna wa babba. Iyaye mata kuma muka tara su daban ranar Laraba da yamma, da Hausa, kowace da wayarta a hannu, aka koya musu sa lambar sirri da kansu da gane lambar da ba a adana ba. Mata 23 suka zo karon farko. Wata ta ce mini shekara huɗu tana da wayar, ranar ta fara buɗe ta ba tare da ta kira ɗanta ba.

Abin da na fi ba muhimmanci ba ya cikin waya. Ni da wata malama muka tsaya gaban kowane aji muka yi alkawari: duk yarinyar ko yaron da ya zo mana da irin wannan, ba za mu kai wa uba labari kai tsaye ba, za mu fara neman wanda yaron ya amince da shi a dangi, mu je tare. Wasu abokan aikina sun ce wannan shiga hurumin iyaye ne, kuma na fahimci damuwarsu. Kafin ƙarshen zangon yara biyar suka zo, mata huɗu da namiji ɗaya. Uku daga ciki tun a matakin kiredi da gaisuwa suke, ba a kai ga hoto ba.

Takardar zuwa ga gwamna an rubuta ta duk da haka, dattijon ya tsaya a kan bakansa kuma yana da masu goyon baya. Abin da muka samu shi ne an sauya abin da take nema. An cire maganar rufe WhatsApp, aka sa roƙon a toshe shafukan caca da na batsa, a sa ido a kan shagunan turi, a kuma samar da jami'a mace da iyali za su iya kai wa irin wannan ƙara a asirce.

Inda ake yanzu

Ta dawo bayan mako biyar, muka sauya mata aji. Makon farko ba ta ɗaga kai ba. Mahaifin ya hana ta taɓa waya, sai cinikin alkaki ya ja baya saboda babu mai karanta saƙo, har uwar ta rasa aikin biki biyu. Bayan wata biyu uwar da kanta ta roƙa aka sassauta: ranar Juma'a da Lahadi in ta zo gida, a tsakar gida, kafin isha'i, uwar tana zaune a gefe. Lambar sirrin yanzu uwar ce ta sa.

Gab da Sallah bidiyon ya sake ɓullowa a wata unguwa ta huɗu, daga wani katin memori da ba mu kai gare shi ba. Yaron nan da ya gane muryar shi ya zo ya gaya mini, kuma kafin in yi wani abu shi da abokansa sun riga sun je sun sa an goge, sun bar wa mai wayar muryar ƙaryatawar. Ba mu gaya mata ba sai bayan jarrabawar ƙarshen shekara.

Ta ci, ta shiga ajin ƙarshe. Maganar aure mahaifinta ya ce a jingine ta sai sakamakon BEPC ya fito. Lissafi ne rauninta, don haka duk Laraba da yamma, bayan an sallami iyaye mata, malamin lissafi yana zama da ita da wasu ƴan mata shida a ajin da ke kusa da ofishin darakta, ni kuma ina zaune a baya ina gyaran takardu har gwaggonta ta aiko a tafi da ita.